Sawun Ƙafa a White Sands da Gardamar Zuwan Mutanen Farko Nahiyar Amurka

A watan Satumba na shekarar 2021 mujallar kimiyya ta Science ta buga sakamakon wani bincike da ya tayar da ƙura a tsakanin masana ilimin kufai, wato masu haƙo abin da magabata suka bari a ƙarƙashin ƙasa. Wata tawaga da ta haɗa da Matthew Bennett na Jami'ar Bournemouth a Ingila, da Jeffrey Pigati da Kathleen Springer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ta bayyana cewa sawun ƙafafun mutane da aka tono a gandun White Sands na jihar New Mexico ya kai shekaru 21,000 zuwa 23,000 da takawa. Idan wannan adadi ya tabbata, ke nan mutane sun riga sun yi nisa cikin nahiyar Amurka a daidai lokacin da ƙanƙara ta fi kowane lokaci kauri a arewacinta, dubban shekaru kafin zamanin da mafi yawan masana suka yi ittifaƙi a kansa. Wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa har yau ba a gama jayayya a kan wannan ba, dole ne ya fara sanin yadda ake auna shekarun kufai, da kuma wuraren da irin wannan awo yake iya yaudarar mai yinsa.

Gardamar ta girmi White Sands da kusan ƙarni guda. A farkon ƙarni na ashirin manyan masana a Amurka, musamman Aleš Hrdlička na cibiyar Smithsonian, sun tsaya a kan cewa zaman mutane a nahiyar bai wuce 'yan dubban shekaru ba. Abin da ya karya wannan ra'ayi shi ne haƙar da aka yi kusa da garin Folsom na jihar New Mexico a 1926 da 1927, inda aka sami tsinin mashi na dutse kwance a tsakanin haƙarƙarin wata irin ɓauna da ta daɗe da ƙarewa a duniya. Bayan 'yan shekaru kaɗan, a Blackwater Draw kusa da garin Clovis, aka sami wasu tsinayen masu wata sassaƙa ta daban tare da ƙasusuwan mamot, wata irin giwa ta zamanin ƙanƙara. Daga nan sunan Clovis ya zama sunan al'ummar da aka ɗauka ita ce ta farko. Awon baya-bayan nan ya sanya zamaninsu tsakanin shekaru 13,050 da 12,750 da suka shuɗe. Labarin da aka gina a kansu mai daɗin ji ne kuma sassansa sun dace da juna. A zamanin ƙanƙara ruwan teku ya ja baya da kimanin mita 120, don haka mashigin Bering da ya raba Sibiriya da Alaska a yau ya kasance busasshiyar ƙasa mai faɗi wadda ake kira Beringiya. Mafarauta suka bi dabbobi suka tsallaka ta kanta, suka tarar da manyan shimfiɗun ƙanƙara biyu sun rufe ƙasar Kanada, sai da waɗannan suka fara narkewa wata hanya ta buɗe a tsakaninsu, sannan mutanen suka gangara kudu suka bazu.

Shekaru da dama duk wanda ya zo da kufan da ya ce ya girmi Clovis sai ya sha tambayoyi masu zafi, kuma sau da yawa tambayoyin suna da hujja. A 1969 masanin ƙasa Vance Haynes ya tsara sharuɗɗa uku waɗanda har yanzu su ne ma'auni. Na farko, abin da aka samu ya zama babu shakka aikin ɗan Adam ne ko kuma ƙashinsa. Na biyu, ya zama yana kwance a shimfiɗar ƙasar da ba a dagula ba tun lokacin da aka binne shi. Na uku, abin da aka auna shekarunsa ya zama yana da alaƙa ta kai tsaye da wancan aikin na mutum. Kusan duk rikicin da ake yi a wannan fage, tun daga Alaska har Ostireliya, a ɗaya daga cikin waɗannan gaɓoɓi uku yake tsayawa, kuma gaɓa ta uku ce mutanen da ba na fagen ba suka fi rainawa.

Hanyar awon da aka fi dogaro da ita ita ce ta kabon-14, wadda Willard Libby da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Chicago a ƙarshen shekarun 1940, har ta jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1960. A can sararin samaniya ana ta samar da wani nau'in sinadarin kabon mai rikiɗa, wanda yake shiga iska, tsirrai su shaƙe shi, dabbobi su ci tsirran, mutane su ci duka biyun. Muddin abu yana raye, gwargwadon wannan kabon a jikinsa yana tafiya daidai da na iska. Da zarar ya mutu sai shigar sabo ta tsaya, wanda ke ciki kuma ya riƙa raguwa da ƙa'ida, rabinsa yana tafiya a cikin kowace shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a gawayi ko ƙashi ko iri, ana iya lissafa lokacin mutuwarsa, har zuwa kimanin shekaru 50,000, inda abin da ya saura ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Sai dai yawan kabon-14 a iska bai tsaya cak ba a tsawon tarihi, shi ya sa ake gyara sakamakon ɗakin gwaji ta hanyar gwada shi da zoben shekara na kututturan itatuwa, da lakar tafkuna, da duwatsun kogo waɗanda aka san shekarunsu ta wasu hanyoyi. Wannan gyara ba ƙarami ba ne, domin a zamanin Clovis bambancin ya kai kusan shekaru 2,000, kuma shi ne dalilin da ya sa tsofaffin littattafai suke ba da adadin da ya saɓa wa na yanzu alhali kufai ɗaya suke magana a kai.

Abin lura shi ne, kabon-14 bai taɓa faɗin ranar da mutum ya zauna a wuri ba. Iyakar abin da yake faɗa shi ne lokacin da wani tsiro ko wata dabba ta daina rayuwa, sauran kuma fassarar mai bincike ce. Mai gini da ya ciro azara daga rusasshen zauren kakansa ya rufa sabon ɗaki da ita, duk wanda ya auna azarar nan gaba zai ba ɗakin shekarun da bai yi ba, kuma ɗakin gwajin bai yi kuskure ko kaɗan ba. Haka magabata suke iya ƙona itacen da ya daɗe da bushewa, ko su sassaƙa tsohon ƙashin da suka tsinta. Akwai kuma gurɓata, inda tsohon kabon ko sabo yake kutsawa cikin abin da ake aunawa. Wani makamin jima da aka yi da ƙashin barewar arewa, wanda aka samu a Old Crow a yankin Yukon na Kanada, an auna shi a farkon shekarun 1970 aka ce ya kai shekaru 27,000, ya kuma zama hujja a hannun masu cewa mutane sun zo da wuri. Da aka sake auna shi a shekarun 1980 da sabuwar na'ura mai ƙirga ƙwayoyin kabon kai tsaye, aka kuma yi amfani da sashen ƙashin da bai cika gurɓata ba, sai ga shi bai wuce shekaru 1,350 ba.

Wasu wuraren kuwa a sharaɗi na farko suke faɗuwa. Dutse yana fashewa da kansa idan ya gangaro daga tsauni, ko ruwa ya buga shi da wani, kuma ɓallin da ya fita yakan yi kama da wanda hannu ya fasa. A Calico ta jihar Kalifoniya, Louis Leakey da kansa, wanda ya yi suna da haƙar Olduvai a Tanzaniya, ya gamsu a shekarun 1960 cewa ya ga kayan aikin mutane masu matuƙar tsufa, amma mafi yawan masana suka ce aikin ruwa da gangara ne. A Pedra Furada ta ƙasar Burazil, Niède Guidon ta shafe shekaru tana kare duwatsu da gawayin da ta ce sun haura shekaru 30,000, sai ga shi a 2016 an nuna cewa birai na dajin Serra da Capivara, inda kufan yake, suna fasa duwatsu suna fitar da ɓalli masu kaifi irin na mutane. Wannan bai rushe Pedra Furada gaba ɗaya ba, amma ya ƙara wa masu kare ta nauyi. Da'awar da aka buga a 2017 cewa wasu mutane sun farfasa ƙasusuwan wata irin giwa ta zamanin ƙanƙara a kusa da birnin San Diego na Kalifoniya shekaru 130,000 da suka wuce ba ta sami karɓuwa ba, haka ma duwatsun kogon Chiquihuite na ƙasar Meziko da aka sanar a 2020 har yanzu ana musun ko hannu ne ya sassaƙa su.

Kufan da ya fara tsallake waɗannan shingaye a idon mafi yawan masana yana can ƙarshen kudu, a Monte Verde kusa da birnin Puerto Montt na ƙasar Chile. Tom Dillehay ya fara haƙa a bakin rafin Chinchihuapi a 1977. Abin da ya bambanta wurin shi ne, bayan mazaunansa sun tashi, taɓo mai cike da ruɓaɓɓun tsirrai ya rufe shi ya hana iska shiga, don haka abubuwan da kan ruɓe a wasu wurare suka tsira: turakun katako na bukka, igiyoyi masu ƙulli, murhu, guntun nama, dankalin daji, da ganyayyakin teku iri-iri waɗanda dole ɗauko su aka yi daga gaɓa. Awon kabon ya ba da kimanin shekaru 14,500. An shafe kusan shekaru ashirin ana musu, har sai a farkon 1997 da wata tawagar manyan masana, ciki har da Haynes, ta je ta duba wurin da kayan da idonta, gani ya kori ji, ta amince cewa kufai ne na gaske kuma ya girmi Clovis. Suka ba ta ƙare a nan ba, domin a 1999 Stuart Fiedel ya fitar da dogon sharhi yana nuna saɓani a cikin bayanan inda aka tsinci wasu kayan, amma ra'ayin cewa Clovis ne na farko bai sake farfaɗowa yadda yake a da ba.

Monte Verde ya tilasta a sake lissafi. Tsakaninsa da mashigin Bering akwai fiye da kilomita 14,000, kuma mutanen da suka san tsirran dajinsa da na tekunsa haka ba jiya suka iso ba. Ga shi kuma bincike a kan lakar tafkuna da ƙasusuwan ɓauna ya nuna cewa hanyar da ke tsakanin shimfiɗun ƙanƙarar Kanada ba ta zama mai ciyawa da dabbobin da za su ciyar da matafiyi ba sai wajen shekaru 13,000 da suka wuce. Saboda haka hankali ya koma gaɓar tekun Fasifik, wadda sassanta suka fara fita daga ƙanƙara tun wajen shekaru 17,000 zuwa 16,000. Wasu wuraren suka zo suka ƙarfafa wannan: busasshen bayan gida na mutane a kogunan Paisley na jihar Oregon mai shekaru fiye da 14,000, da Page-Ladson a Florida mai shekaru 14,550, da Cooper's Ferry a Idaho wanda Loren Davis ya ba shi kusan shekaru 16,000. Raunin hanyar gaɓa shi ne ba a taɓa samun jirgin ruwan da aka bi ta da shi ba, kuma tsohuwar gaɓar yanzu tana ƙarƙashin teku. Wannan rashi ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙarancin katakon da ke tsira. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987, wanda kabon-14 ya ba shi kimanin shekaru 8,000, yana cikin jiragen ruwa mafiya tsufa da aka taɓa samu a duniya baki ɗaya, alhali an san mutane sun ƙetare teku zuwa Ostireliya dubban shekaru masu yawa kafin a sassaƙa shi. Zuwa shekarar 2020, matsayar da ta fi rinjaye ita ce mutane sun shiga kudancin ƙanƙara wajen shekaru 16,000 da suka wuce.

A kan wannan matsaya ce White Sands ya faɗo. Wurin yana cikin kwarin Tularosa, inda a yau tuddan farin yashin jifsam suka mamaye, amma a zamanin ƙanƙara akwai wani babban tafki da masana suke kira Otero. Dabbobi da mutane sun riƙa yawo a bakinsa suna barin sawu a cikin laka, sabuwar laka tana rufe tsohuwa. David Bustos, jami'in kula da albarkatun gandun, shi ne ya daɗe yana bibiyar waɗannan sawaye, waɗanda sukan bayyana idan damshin ƙasa ya yi daidai, su sake ɓacewa idan ta bushe. A wani wuri an bi sawun mutum ɗaya na tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi, yana sauri ɗauke da ƙaramin yaro wanda yakan sauke lokaci-lokaci, kuma kafin ya dawo ta hanyar, mamot da wata ƙatuwar dabba mai nawar tafiya sun ratsa sawun nasa. Wannan ya tabbatar da cewa mutane sun yi zamani da dabbobin, amma bai ba da shekara ba. Don samun shekara sai da aka haƙa rami aka yanki shimfiɗun ƙasar a tsaye, aka sami sawu kimanin 60 a hawa-hawa daban-daban, mafi yawansu na yara da matasa, da siraran shimfiɗu na irin wata ciyawar ruwa mai suna Ruppia cirrhosa a sama da ƙasa da tsakaninsu. Irin ne aka auna.

Ƙarfin wannan hujja a bayyane yake. Babu biri ko ambaliya da za ta ƙera sawun ɗan Adam mai yatsu biyar da dunduniya, don haka sharaɗi na farko ya cika ba tare da gardama ba. Sawu kuma ba ya nutsewa daga wata shimfiɗa zuwa wata kamar yadda ɓallin dutse yake yi, domin shi kansa ɓangare ne na shimfiɗar, don haka sharaɗi na biyu ma ya cika. Duk nauyin sai ya koma kan na uku, kuma a nan ne masu suka suka sami ƙofa mai faɗi. Ruppia a cikin ruwa take girma, kuma daga ruwan take ɗaukar kabon ɗinta. Ruwan da ya ratso ta cikin tsofaffin duwatsun farar ƙasa yana ɗauke da narkakken kabon wanda ya daɗe da rasa kabon-14 ɗinsa, don haka tsiron da ya sha shi yakan fito a awo kamar ya tsufa tun yana ɗanye. Charles Oviatt da David Madsen da David Rhode da Loren Davis suka gwada wannan a aikace: suka ɗauki Ruppia da aka tsinka a 1947 a wani marmaro da ke kwarin, aka adana a ma'ajiyar tsirrai, suka auna ta, sai ta nuna kimanin shekaru 7,400. Idan aka cire irin wannan adadi daga shekarun sawun, sai su dawo wajen 15,000 zuwa 13,000, wato daidai inda kowa zai karɓe su ba tare da an canza komai ba. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma a lokacin da aka yi ta babu laifi ga wanda ya dakata da amincewa.

Amsar da tawagar ta kawo a watan Oktoba na 2023 ita ce ta sauya ma'aunin. Sun koma shimfiɗun nan dai suka tace ƙurar furen itatuwan tsauni, irin su fir da pain, waɗanda a tudu suke girma kuma daga iska suke shaƙar kabon, ba ruwansu da ruwan tafkin. Ƙwayar ƙurar fure ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai da aka tara kimanin 75,000 a kowane awo guda, kuma sakamakon ya faɗo wajen shekaru 23,000, ko da yake da faɗin kuskure na fiye da shekaru 2,000 ta kowane gefe. Sannan suka ƙara da wata hanya wadda ba ta da alaƙa da kabon ko kaɗan. Ƙwayar yashi ta ma'adinin kwatz, muddin tana binne cikin duhu, tana tara wani ƙarfi a jikinta daga tururin sinadaran da ke cikin ƙasar da ke kewaye da ita, kuma hasken rana yana goge wannan ƙarfi. Idan aka ɗebo yashin a cikin bututu ba tare da haske ya taɓa shi ba, aka haska shi a ɗakin gwaji, yana fitar da wani ɗan ƙyalli wanda gwargwadonsa yake nuna tsawon lokacin da ya yi rabonsa da rana. Wannan awo ya nuna yashin ya yi aƙalla kimanin shekaru 21,500 a binne. A 2025 kuma Vance Holliday na Jami'ar Arizona, wanda ya yi nasa aikin a kan shimfiɗun tafkin, ya buga awon kabon na lakar kanta, ya sami shekaru 20,700 zuwa 22,400.

Kowace ɗaya daga waɗannan hanyoyi tana da nata rauni, kuma masu suka sun lissafa su. Ƙurar fure tana iya tasowa daga tsohuwar ƙasa ta sake kwanciya a sabuwa. Yashin da ruwa mai duhu ya kwaso ba lallai rana ta goge shi sarai ba, sai ya nuna tsufan da ya wuce nasa. Lakar tafki ma tana iya ɗaukar tsohon kabon. Amma a ganina a nan ne hujjar masu shakka ta fara yin sanyi, domin waɗannan kurakurai ba daga tushe ɗaya suke fitowa ba. Kafin a ce sawun bai wuce shekaru 15,000 ba, sai an yarda cewa iri da ƙurar fure da yashi da laka duk sun yi kuskure, kowanne ta dalilinsa na daban, amma suka haɗu a kan adadi kusan ɗaya, kuma shekarun suka jeru daga ƙasa zuwa sama yadda ya kamata. Hakan yana iya faruwa, sai dai ya fi wuyar gaskatawa fiye da cewa mutane sun taka bakin tafkin Otero shekaru 21,000 ko fiye da suka wuce.

Amincewa da wannan ba ta warware matsalar ba, sai ma ta ɗaga ta zuwa wani mataki, domin akwai wata shaida mai zaman kanta da ba ta jitu da shi cikin sauƙi ba, wato ta ƙwayoyin gado. An karanta DNA na wani yaro da aka binne a Mal'ta kusa da tafkin Baikal a Sibiriya shekaru 24,000 da suka wuce, da na jaririya daga Upward Sun River a Alaska mai shekaru 11,500, da na yaron Anzick a jihar Montana wanda aka binne tare da kayan Clovis. Hoton da ya fito shi ne, kakannin 'yan asalin Amurka sun samu ne daga cuɗanyar wata al'umma ta gabashin Asiya da dangin mutanen Mal'ta, suka keɓe daga sauran mutanen Asiya wajen shekaru 25,000 zuwa 20,000 da suka wuce, sannan suka rabu gida biyu, reshen arewa da na kudu, a tsakanin shekaru 17,500 da 14,600. Ƙwayoyin gadon da ake gada ta wajen uwa kuma suna nuna yawan jama'a ya yi tsalle farat ɗaya wajen shekaru 16,000, abin da ake sa ran gani idan mutane kaɗan suka shiga ƙasa mai yalwa wadda babu kowa a cikinta. Gaskiya ne wannan agogo ma ƙiyasi ne, ya dogara da saurin sauyin ƙwayoyin gado da tsawon shekarun da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya, kuma lokacin rabuwar zuri'a yake nunawa ba wurin da aka rabu ba. Duk da haka, gibin shekaru 5,000 zuwa 7,000 ya fi ƙarfin a share shi da cewa kuskuren lissafi ne.

Irin wannan karo ya faru a Ostireliya kusan kalma da kalma. A 2017 Chris Clarkson da tawagarsa suka sanar cewa matsugunin Madjedbebe, a ƙasar al'ummar Mirarr a arewacin nahiyar, ya kai shekaru 65,000. Da yake wannan ya wuce iyakar kabon-14, da hasken yashi aka auna. A can babu mai musun cewa duwatsun niƙa da gatura da jan fenti aikin mutane ne, musun a kan sharaɗi na biyu yake: James O'Connell da Jim Allen da wasu sun ce a ƙasa mai yashi, wadda gara take haƙawa kuma ƙafafu suke tattakawa, dutse yana iya nutsewa ya kwanta cikin yashin da ya girme shi. Sannan bincike biyu da aka buga a ƙarshen 2024 sun sanya cuɗanyar mutanen zamani, wato irinmu, da mutanen Neanderthal, wani jinsin mutane da ya daɗe da ƙarewa, a wajen shekaru 47,000 da suka wuce, kuma 'yan asalin Ostireliya suna ɗauke da gadon wannan cuɗanya kamar sauran mutanen da ke wajen Afirka. Ke nan kakanninsu ba za su iya kasancewa a Madjedbebe shekaru 65,000 da suka wuce ba, sai dai idan wasu ne daban suka riga su.

Wannan yiwuwar ta ƙarshe ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana nuna cewa tambayoyi biyu ne aka daɗe ana cakuɗawa. Tambayar wane ne ya fara taka wata nahiya daban take da tambayar daga wa mutanenta na baya suka fito. DNA na masu rai da na ƙasusuwan da aka samu yana ba da labarin zuri'ar da ta ɗore ne kawai. Ƙaramar al'umma tana iya shiga kafin ƙanƙara ta toshe hanya, wato kafin wajen shekaru 25,000, ta rayu dubban shekaru a warwatse, sannan ta ƙare ko ta narke cikin taron da ya zo daga baya ba tare da ta bar alamar da za a gane ba. An san irin haka ta faru a Turai, inda wasu daga mutanen zamani na farko, kamar mai muƙamuƙin kogon Oase a Romaniya, ba su bar zuri'ar da ake iya ganowa a cikin Turawan yau ba. Akwai kuma masu ganin cewa mutanen White Sands su ne kakannin na baya, suna nan kudu da ƙanƙara tun farko cikin ƙaramin adadi, kuma bunƙasar da DNA yake nunawa ta zo ne da ɗumamar yanayi ba da sabuwar ƙaura ba. Sawu ba ya ɗauke da DNA, don haka shi kaɗai ba zai raba wannan gardama ba. Al'ummomin Pueblo da sauran 'yan asalin yankin, waɗanda ake tuntuɓa a aikin haƙar, suna kallon masu sawun a matsayin kakanninsu, kuma a Amurka doka ta 1990 ta ba su haƙƙi a kan ƙasusuwan magabatansu, abin da ya sa duk wani gwajin DNA na gaba zai bi ta hannunsu.

Abin da ya fi damun masu shakka, kuma da haƙƙinsu, shi ne shirun da ya biyo baya. Mutanen da suka yi ta zirga-zirga a bakin tafki ɗaya na tsawon kusan shekaru 2,000 sun hura wuta, sun fasa dutse, sun yanka nama, amma a shimfiɗun da ke ɗauke da sawun ba a bayar da rahoton murhu ko tsinin mashi ba. Abin da ya fi kusa da kayan aiki shi ne wasu dogayen layuka a cikin lakar, waɗanda Bennett da abokansa suka fassara a 2025 da cewa alamar sanduna ne da ake ja a ƙasa don ɗaukar kaya. Masu kare sakamakon suna cewa bakin ruwa mai laka wurin wucewa ne ba wurin kwana ba, kuma zangon mutanen yana iya kasancewa a ƙarƙashin tuddan yashi, ko iska ta riga ta cinye shi, ko yana cikin filin gwajin makamai masu linzami na sojan Amurka da ya kewaye gandun, inda shiga ba ta da sauƙi. A can arewa, ƙasusuwan doki masu alamar yanka daga kogunan Bluefish na Yukon, waɗanda aka auna a 2017 aka sami shekaru 24,000, suna nuna mai yiwuwa akwai mutane a gabashin Beringiya a wannan zamani, amma su ma ana jayayya a kansu. A kudu da ƙanƙara kuwa, tsakanin shekarun White Sands da na Cooper's Ferry akwai kimanin shekaru 5,000 waɗanda babu kufai ko ɗaya a cikinsu da masana suka haɗu a kan amincewa da shi.